Daga Kano Zuwa Kura a Kan Keke

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mu malaman makaranta muka jingine babura, muka kakkaɓe ƙurar kekunan da muka daɗe da jefawa a zaure. Da farko dole ce ta sa, amma da tafiya ta yi tafiya sai abin ya zame mana jiki. To, wata Asabar cikin hunturu, mu uku da muke koyarwa a makaranta ɗaya muka yi shawarar mu taka har Kura, tafiyar kilomita 30 da 'yan kai, ba don wani uzuri ba sai don mu sha iska mu ba ido abinci.

Bayan sallar asuba muka kama titin Zariya. Zangonmu na farko shi ne teburin wani mai shayi a Na'ibawa, kusa da 'Yan Lemo, inda muka karya da haɗin kauri da burodi, muna sauraron direbobi da 'yan dako suna musu a kan farashin masara. Babbanmu, malamin Hausa, ya zaro ɗan littafinsa yana ta rubuce maganganunsu, yana cewa duk marubucin da bai zauna a teburin mai shayi ba, mutanen cikin littafinsa za su riƙa magana kamar masu karanta labarai a rediyo.

Mun wuce Kwanar Dawaki muna tafe muna hira, muka tsaya a gadar Tamburawa muna kallon masu ɗiban yashi a kogi. Sau nawa muka ratsa gadar nan a mota ba mu taɓa lura da su ba? Mota tana kai mutum gari, amma ba ta nuna masa hanya. Can gaba muka sake yada zango muka sha ruwan bunu, ga gonaki kore shar a tsakiyar rani, albarkacin ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako.

Muna dab da shiga Kura sai muka ji ƙas! Sarƙar tsohon Raleigh ɗin da ɗayanmu ya gada daga mahaifinsa ta tsinke. Mu uku, kowa da takardar shaidarsa ta koyarwa, muka tsuguna muna jujjuya sarƙa, hannu duk baƙin mai, amma aka rasa mai dabara. Haka muka tura kekuna har gindin wata darbejiya inda aka ce akwai mai gyara.

Muna isa mai gyaran ya miƙe ya rusuna. "Malam, sannunku da zuwa. Ba ku gane ni ba ko?" Muka dube shi da kyau, sai kunya ta rufe mu. Ɗalibinmu ne da ya bar makaranta daga aji uku, shekara goma da suka wuce. Mu ukun nan duka mun koyar da shi, kuma duka mun taɓa rubuta a katin sakamakonsa cewa malalaci ne, ba ya ganewa.

Ya sa yaransa biyu suka kifa keken. Ya ɗora sarƙar a kan noti, ya sa ƙusa da guduma ya fitar da gaɓar da ta karye, ya ciro wata daga tsohuwar sarƙa ya haɗa. Sannan ya sassauta tayar baya, ya daidaita ta yadda sarƙar ba za ta yi tauri ba kuma ba za ta yi sako-sako ba. Duk abin da yake yi yana bayyana wa yaran dalilinsa, in sun kuskure ya maimaita ba tsawa. Mu da aka horar a kan dabarun koyarwa muka yi tsit muna ɗaukar darasi.

Muka miƙa masa kuɗi ya ce, "Haba Malam, ɗa ya karɓi kuɗin ubansa?" Har mun juya sai ya ƙara da cewa, "Af, Malam, ina littafin nan da kuka ce kuna rubutawa? Ranar da kuka karanta mana babi ɗaya a aji, har yau ina son in ji yadda yarinyar nan ta ƙare da kishiyar uwarta. Duk na shiga birni sai na duba wajen masu littattafai."

Jama'a, babu wanda ya iya amsawa a cikinmu. Littafin yana nan a akwati, babi huɗu, kamar yadda yake tun wancan lokaci. Kullum uzurinmu shi ne aiki ya yi yawa, takarda ta yi tsada, ba masu karatu. Ga mai karatu nan a gindin darbejiya, ya shekara goma yana jira, kuma shi ne muka kira malalaci.

Mun shiga Kura mun ga masu bugu suna ƙwanƙwasa baƙin rawani har ya ɗauki sheƙi, amma hankalinmu ba ya wurin. A hanyar dawowa ba mu tsaya shan shayi ko'ina ba. Daren nan aka buɗe akwati, yanzu muna babi na bakwai, kuma mun yi alkawari kwafin farko a kan keke za mu kai shi Kura. 'Yan'uwa marubuta, kowa ya duba akwatinsa. Allah Ya ba mu ikon cika alkawari, amin.