Alhakin Mai Umurni Da Na Mai Alƙalami

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in yi wa malaman makarantu magana a kan amfanin muhawara a aji.

Sa'ad da muke makaranta, malaminmu ya ba mu labarin yadda gwamnatin Hitila ta Jamus ta hallaka Yahudawa wajen miliyan 6 a Yaƙin Duniya na Biyu. Sa'an nan ya raba mu biyu, ya ce, alhakin yana wuyan wa? Sashe guda suka ce na Hitila ne kaɗai, sauran umurni suka bi. Mu kuwa muka ce hannu ɗaya ba ya yin wannan ɓarna, sai da wanda ya rubuta sunaye, da wanda ya tuƙa jirgin ƙasa zuwa sansanin kisa, da wanda ya kulle ƙofa.

Malam ya raba gardama da shari'ar Nurembag ta 1945 zuwa 1946, inda alƙalai suka ƙi karɓar hanzarin bin umurni, suka yanke wa manyan Jamus 12 hukuncin kisa. Ya kuma ambaci Adolf Eichmann, wanda daga ofis yake shirya jigilar mutanen, aka rataye shi a 1962.

Mu akawuna, wannan magana tamu ce. Kowace takarda aka miƙo mana, wajibi ne mu san inda za ta, gama abokin ɓarawo ɓarawo ne. Don Allah malamai su bar yara su yi gardama a kan irin wannan. Haddar shekaru kaɗai ba ta koya wa yaro ranar da zai ajiye alƙalami ya ce a'a.

Haza wasalam,
Wani Akawu, Zariya.