Gidan Makama: ginin ƙasa da ya wuce shekara 500

A kasuwar Katako ta Yamai, kullum ana lodin kwano da siminti da katako. In an yi kaka mai albarka, mutanen karkara sukan zo nan sayen kayan gini. Wasu har sun fara jin kunyar ɗakin ƙasa. To, mai wannan tunani ya saurari labarin Gidan Makama na Kano, a Nijeriya.

Gidan yana cikin birni, kusa da fadar Sarki. Masana tarihi sun ce an gina shi domin Muhammadu Rumfa, tun yana Makama. Daga baya ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, sun mai da gidan ofis na ɗan lokaci. A 1959 aka sa shi cikin gine-ginen da doka ta hana a rushe. Yau wani sashe nasa gidan tarihi ne. An ajiye tsofaffin ƙofofin ganuwa da kayan yaƙi a ciki.

Ta zaure baƙo yake shiga. Bangon kauri gare shi. Na tubali ne, wanda aka mulmula da hannu aka shanya. Saboda kaurin, zafi ba ya saurin ratsa shi. Ko da bazara ciki da sanyi, ba kamar ɗakin kwano ba. Rufin na azara ne, wato giginyar da aka tsaga, wadda gara ba ta cika ci ba. Inda ɗaki ya yi faɗi, magina sun yi bakan gizo ya ɗauki nauyin soro.

Amma gidan bai kai yau haka kawai ba. An sha gyara shi. Ruwa ne abokin gabar ginin ƙasa. Shi ya sa ake yaɓe kafin damina, a shafa makuba, a share indararo. In aka yi sakaci, soro zai jiƙe, azara ta ruɓe, rufi ya rufta.

Saboda haka mai ɗakin ƙasa ya duba rufinsa tun hadari bai taso ba. A shuka giginya, yara su koyi aiki wurin tsofaffin magina. Da tsohuwar zuma ake magani.