Labarin zuciya, ba kullum ake tambayar fuska ba

A wata lise ta birnin Maraɗi akwai wani malamin kimiyya wanda ya shekara goma sha biyar yana zana wayoyin lantarki da alli, ɗalibansa ba su taɓa riƙa ko ɗaya a hannu ba. Da damina ta wuce aka koma makaranta, sai ya yi niyyar sake hanya. Ya tara ƴan ƙungiyar kimiyya, ya ce musu bana za su haɗa na'urar da za ta riƙa auna danshin ƙasa a gadinar zogalen makaranta, ta buɗe ruwa in ƙasa ta bushe, ta rufe in ta jiƙa. Yara suka yi karo-karo, iyaye suka taimaka, shi kuma ya cika daga albashinsa. Aka ba wani ɗan kasuwa saƙo, bayan sati uku ya kawo ƙananan alluna shida, kowane bai wuce tsawon ɗan yatsa ba.

Irin waɗannan alluna ana kiransu Arduino. A garin Ivrea na ƙasar Italiya aka ƙirƙiro su a 2005 domin ƴan makaranta, kuma da yake an bar zanensu a buɗe, masana'antu da dama suna kwaikwayonsu. A tsakiyar kowane allo akwai wata baƙar ƙwaya mai ƙafafu, ita ce ƙwaƙwalwarsa. Malam ya ɗaga guda a hasken taga, ya karanta abin da aka rubuta a bayanta: ATmega328P. Ita ya yi oda, domin tana da wurin ajiyar umarni na kilobayit 32. Hankalinsa ya kwanta.

Ran laraba da marece aka jona allon farko da kwamfuta, aka tura umarnin da yara suka yi wata guda suna rubutawa. Allo ya yi shiru. Aka sake waya, aka sake kwamfuta, aka gwada na biyu da na uku, duk kanwar ja ce. Wata yarinya da ta ba da kuɗin da take tarawa na sayen littafi ta ce: «Mushe, ko mu ne muka yi kuskure?» Wannan tambaya ta fi asarar kuɗin yi masa ciwo, don ya ga yaran sun fara zargin kansu, alhali shi ma bai san inda laifin yake ba.

Kwana biyu yana juya abin a ransa, sa'an nan ya tafi wurin wani tsohon ɗalibinsa mai gyaran salula kusa da babbar kasuwa. Saurayin ya saurara, ya ce: «Mushe, kun karanta abin da aka rubuta mata a baya, amma ba ku tambaye ta da bakinta ba.» Ya bayyana masa cewa kowace ƙwaya ta wannan gida tana ɗauke da lambobi uku da aka dasa a cikinta tun daga masana'anta, waɗanda ba a gogewa da tsumma. Ta farko tana faɗin wanda ya ƙera ta, ta biyu girman wurin ajiyarta, ta uku kuwa irinta. Ya ɗauko wani allo nasa da ya amince da shi, ya haɗa su da wayoyi shida, domin tambayar ta isa ga ƙwayar kai tsaye ba tare da tafinta ba. Da ATmega328P ce ta gaske, da ta amsa 1E 95 0F. Abin da ya fito a fuskar kwamfuta shi ne 1E 94 06. Wato ATmega168 ce, ƙanwar waccan, mai kilobayit 16 kacal, aka sa mata rigar yayarta. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

A hanyarsa ta komawa gida malam ya tuna kakansa, wanda in baƙo ya sauka a zaure yakan dubi zanen fuskarsa ya gane Bagobiri ne ko Bakatsine tun bai buɗe baki ba. Amma tsohon bai taɓa tsayawa nan ba: sai ya tambayi garinsu, da sunan mahaifinsa, da wanda ya sani a can. Maƙeran na'urori ma sun gano haka. Tun 1993, lokacin da kamfanin Intel ya fito da Pentium, aka sa wa manyan ƙwaƙwalen kwamfuta wani umarni mai suna CPUID, wanda in an aika shi sai ƙwaƙwalwar ta faɗi maƙerinta da zuriyarta. Ko a nan ma akwai wurin lura. Ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda ta fito a 2012, ta yi shekaru tana nuna suna ɗaya, BCM2835, har a kan allunan da ke ɗauke da sabbin ƙwaƙwale. Mai son gaskiya sai ya duba lambar zubin allon. Amsa ma tana da daraja hawa-hawa, gwargwadon wanda ya ba da ita.

Larabar da ta biyo baya bai ɓoye wa yaran kome ba. Ya rubuta lambobin biyu a allon aji, ɗaya bisa ɗaya, ya ce shi ne ya gaskata rubutu bai bincika ba. Sa'an nan ya miƙa musu wayoyin shida, kowane rukuni ya tambayi allonsa. Huɗu suka amsa 168, biyu suka amsa 328P; waɗannan biyun ba a ma kai ga gwada su ba a ranar farko. Da aka gaya wa kwamfuta sunan gaskiya na huɗun, sai suka karɓi ɗan ƙaramin umarni, fitilarsu ta fara ƙiftawa. Ajin ya kaure da sowa.

Saura matsala guda: umarnin yaran ya fi ƙarfin kilobayit 16. Suna iya ajiye huɗun su yi aiki da biyun, amma yarinyar nan ta ce kuɗinsu ne, ba za a zubar ba. Suka zauna suna rage umarnin layi-layi, kamar yadda ake taƙaita dogon labari a darasin harshe, har suka gane abin da yake dole da abin da yake ado. Kafin zafin watan Afrilu ya kankama, ruwa yana buɗe kansa a gindin zogale.

Ɗan kasuwar ya rantse shi ma haka aka sayar masa, kuma malam bai musa ba. Sai dai tun daga ranar, duk abin da ya shigo ɗakin ƙungiyar, kafin a jona shi da kome, akwai yaron da ke ɗauko wayoyi shida ya tambaye shi sunansa.