Ranar da Na Ga Jiragen Tsere Suna Tafiya da Baya

Bozam ƙauye ne a kudancin Ingila, a wani lungu na mashigin tekun Chichesta. Abin da ya fara ba ni mamaki a can shi ne titin bakin ruwa. Da safe na bi shi da ƙafa, bayan 'yan sa'o'i ruwa ya shanye shi. Akwai allon gargaɗi, amma baƙi kan yi kunnen ƙashi su ajiye mota, su dawo su tarar da ita cikin ruwan gishiri. Mu mun saba da kogin da ke cika da damina ya ƙafe da rani. A nan kuwa sau biyu a rana teku ke cika ya janye, wajen awa 6 yana shigowa, wajen awa 6 yana fita. Wata da rana ne ke jan sa, shi ya sa cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu.

Tseren yara na je kallo. Jirginsu, wanda ake kira Optimist, tsawonsa mita 2.3 ne kacal, kamar kwamin shayar da shanu da aka kafa wa sanda da ƙyalle. An ƙirƙiro shi a Amurka a 1947, kuma wanda ya wuce shekara 15 ba ya tsere da shi. Babu inji. Doka ma ta hana girgiza jirgi ko kaɗa matuƙi don a tura shi gaba. Iska ce kawai, ita kuwa ran nan ko ganye ba ta motsawa sosai.

Tafiya zuwa alamar da za a kewayo ba ta yi wuya ba, domin ruwa ya fara janyewa, ya kwashe su kamar kara. Dawowar ce aiki. Daga bakin gaɓa na ga jirage kusan goma a tsakiyar mashigi, hancinsu na kallon gida, amma suna ja da baya a hankali. Lissafin ba wuya, ɗalibai: in iska na tura ka kilomita 2 a awa, ruwa na jan ka kilomita 3, to kowace awa kana asarar kilomita guda, alhali kana jin ruwa na wucewa a gefenka kana zaton gaba kake yi.

Wata yarinya ce ta burge ni. Ta bar tsakiya, inda ruwa ya fi zurfi da gudu, ta raɓa gefe inda yake tafiya sannu. Hanyarta ta fi tsawo, kuma akwai kasada, don allon da ke ƙarƙashin jirgi na iya kafewa a laka. Sai ta ɗaga shi rabi. Ta matsa gaba ta tsuguna, ta ɗan karkata jirgin don ƙyallen ya faɗa gefe guda da nauyinsa ya tari 'yar iskar da ke akwai. Daga nan ko motsin kirki ba ta ƙara yi ba, sai idanu. Wani dattijo da ke kusa da ni ya nuna mini abin da take dubawa: jiragen da ke ɗaure, waɗanda hancinsu ke nuna inda ruwa ke fitowa, da kuma duhu-duhun da kan bayyana a fuskar ruwa in iska na tafe.

Ni dai na gaji da tsayuwa kafin ita ta gaji da tsuguno. Kusan rabin awa tana rarrafe ta gefen ciyawa.

Wani yaro ya ga tana wuce su, ya biyo ta, amma ya zarce gefe fiye da kima. Jirginsa ya zauna daram a taɓo, ga ruwa na ci gaba da gudu daga ƙarƙashinsa. Can iska ta ɗan taso, na tsakiya suka farfaɗo, ɗaya daga cikinsu ya sha gabanta dab da layi. Ta zo ta biyu. Yaron kuwa jirgin ceto ne ya jawo shi, laka har gwiwa, takalmi ƙafa ɗaya.