Hantar Abatuwa da Lagon Ƙwayar Maleriya

A shekarun 1980, idan malamin ilmin halittu a sakandaren Jos zai koyar da darasin enzayim, ba ya buƙatar wani kaya mai tsada. Yakan aiki yaro da sassafe zuwa unguwar Abattoir, wato Abatuwa a bakin mutanen gari, ya sayo ɗan yankin ɗanyar hanta wurin masu kayan ciki. A aji sai a jefa ta cikin kwalbar gwaji, a zuba mata ruwan haidirojin ɗin nan da ake wanke gyambo da shi, nan take kumfa ta taso har ta yi ambaliya. In an dafa hantar aka sake gwadawa, shiru. Malam ya ce akwai wani furotin a cikin hanta mai suna katales, aikinsa farfasa wannan ruwa mai ƙuna ya mayar da shi ruwan sha da iskar oksijin, kuma wuta ta kashe shi. Muka rubuta, muka haddace don jarrabawa. Babu wanda ya gaya mana cewa wannan kumfa tana da alaƙa da zazzaɓin da ke kwantar da mu duk damina.

A wancan zamani tsofaffi na cewa Jos ba garin sauro ba ne. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, don garin na bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma sanyin ne ya sa Turawa suka mayar da shi wurin hutawarsu. Amma haƙar kuza ta bar kududdufai birjik, gari ya yi ta faɗaɗa, kwatami da ruwan kwance suka yawaita a unguwanni irin Abatuwa. Yaro ya kwana da rawar ɗari, da safe a kai shi kemis, a ba shi kulorokwin, ko ƙwaya ko allura. Wanda ya sha ya san ɗacinsa, ya kuma san ƙaiƙayin da ke biyo baya, wanda kan hana mutum barci har sai an haɗa masa da Piriton. Amma yana aiki, kuma da 'yan kwabbai ake sayensa. Daga ƙarshen shekarun 1980 ya fara gazawa a Najeriya. A sha, zazzaɓi ya lafa, bayan mako biyu ya dawo. Aka koma Fansidar, shi ma ya bi sahu. A 2005 ƙasar ta sauya zuwa magungunan haɗi masu ɗauke da atemisinin, irin su Coartem.

Abin da ba mu sani ba lokacin shi ne yadda ƙwayar cutar ke rayuwa a bakin halaka. Tana shiga cikin jar ƙwayar jini ta cinye mafi yawan himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin. Wannan abinci yana barin guba iri biyu: wani sinadari mai ƙarfe da ake kira him, da kuma irin ruwan haidirojin ɗin da muka zuba wa hanta. Him ɗin takan dunƙule shi ya zama baƙin tsaki marar cutarwa, irin ɗigon da Alphonse Laveran ya gani a jinin wani soja a Aljeriya a 1880 lokacin da ya gano ƙwayar. Kulorokwin hana wannan dunƙulewa yake yi, sai ƙwayar ta mutu da gubar cikinta. Ruwan ƙuna kuwa, a nan ne abin mamakin yake: ƙwayar maleriya nau'in falsifarum ba ta da katales ko kaɗan. Abin da ke cike a hantar kowace saniya da ake yankawa a Abatuwa, ita ba ta mallake shi ba. Ta dogara ne da wasu enzayim daban, kuma duk wanda ya iya toshe su ya kama lagonta.

Ni abin da ya fi taɓa ni a tarihin nan shi ne inda ilmin ya samo tushe, domin daga mahauta ya fito. A 1937 James Sumner da Alexander Dounce a Amurka suka tace katales daga hantar saniya har ya daskare ya zama ƙwayoyin kiristal. A 1969 Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano aikin wani enzayim mai kare jiki daga ƙunar oksijin, wanda ake taƙaita sunansa da SOD, kuma daga jinin shanu suka ciro shi. Max Perutz na Kambirij ya shafe fiye da shekara ashirin kan himogulobin ɗin jinin doki kafin ya ga siffarsa, aka ba shi kyautar Nobel a 1962. Siffar katales ɗin hantar saniya kuwa sai a 1981 ta fito daga ɗakin binciken Michael Rossmann. Jinin da muke tsallakewa yana malala cikin kwata a Abatuwa, muna toshe hanci, irinsa wasu ke kwasa a bokiti suna kaiwa jami'a.

Me ya sa ake wannan wahala don ganin siffar abin da ko madubin likita ba ya nunawa? Furotin dogon zare ne da ke naɗewa ya ba da sura mai tsawo da faɗi da kauri, mai loko da kwarmi, kuma a cikin wani kwarmi guda aikin ke gudana. Ƙwararren mahauci ba ya sara ko'ina a jikin saniya, gaɓa yake nema, wuƙa ta wuce salin-alin. Mai haɗa magani ma gaɓa yake nema, kuma ba zai same ta ba sai ya ga surar. Hanyar ita ce a tace furotin, a lallaɓa shi ya zama kiristal, abin da kan ci watanni ko shekaru, a haska masa hasken eksire mai ƙarfi, sannan a yi lissafin inda kowane atom yake daga yadda hasken ya watsu.

Ga saniya abin ya zo da sauƙi, tun da hanta ɗaya kilo nawa ce. Ƙwayar maleriya fa, ina za a tara ta? Sai a 1976 William Trager da James Jensen suka iya renon falsifarum a cikin jinin mutum a ɗakin gwaji. A 2002 aka kammala karanta ƙwayoyin gadonta, sama da 5,000, sai ya zama ana iya ɗaukar umarnin ƙera enzayim guda a dasa wa bakteriya ta yi ta samar da shi. Shekara ɗaya bayan haka, a 2003, masana daga Oregon ta Amurka tare da Heiner Schirmer da Katja Becker na Jamus suka fitar da siffar gulutatayon ridaktes na ƙwayar, enzayim ɗin da ke sabunta sinadarin da take kashe ƙuna da shi. Mu ma muna da irinsa a jikinmu, kuma tun 1978 aka san siffar namu. Da aka jera su biyu, sai aka ga wurin aikinsu kusan ɗaya ne, wanda hakan ba labari ne mai daɗi ba, don maganin da ya toshe nata zai iya toshe namu. Amma enzayim ɗin tagwaye ne manne da juna, kuma kogon da ke tsakanin tagwayen ya bambanta da na ɗan Adam. A 2005 siffar wani enzayim ɗinta mai suna AOP ta fito, a 2006 ta SOD ɗinta.

Gaskiya ɗaya dole a faɗe ta: har yau babu maganin da ke kan kantar kemis wanda aka ƙera daga waɗannan siffofi. Ƙwayar na da hanyoyin kariya fiye da ɗaya, a toshe wannan ta bi waccan. Amma aikin bai tafi a banza ba. Shi ya taimaka aka dawo da hankali kan wani tsohon shuɗin rini, metilin bulu, wanda Paul Ehrlich da Paul Guttmann suka yi wa masu maleriya biyu magani da shi a Balin tun 1891, aka yi watsi da shi saboda yana mayar da fitsari kore ko shuɗi. An gano yana shiga tsakanin gulutatayon ridaktes da aikinsa, yana ƙara wa ƙwayar ƙuna. An gwada shi kan yara a Nouna ta Burkina Faso, kuma gwajin da aka yi a Mali ya nuna yana hana cutar wucewa daga mutum zuwa sauro.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rabon aikin. Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, amma babbar na'urar hasken da ake auna kiristal da ita, sinkurotoron, babu ko ɗaya a duk faɗin Afirka. A da wannan hujja ce mai ƙarfi. Yanzu ta yi rauni, domin rumbun siffofin furotin na duniya, wanda ya fara da bakwai kacal a 1971, yau ya haura 200,000, kuma kyauta ne ga duk mai intanet. Manhajar AlphaFold na hasashen siffa daga kwamfuta. Filato kuma ba baƙuwar bincike ba ce: cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom na nan tun 1924, Jami'ar Jos na da cibiyar nazarin magungunan tsirrai, ga asibitin koyarwa cike da marasa lafiyar da ake magana a kansu.

Alamun turjiya ga atemisinin sun riga sun bayyana a Ruwanda da Uganda. Mun ga yadda kulorokwin ya ƙare a hannunmu ba mu da madadin da muka tanada. Malaman jami'a da hukumomin da ke riƙe da kuɗin bincike, ku zaunar da ɗalibanmu gaban siffofin nan tun yanzu, ku ba su wutar lantarki da kayan gwaji, su gwada tsirranmu a kan enzayim ɗin ƙwayar da ke kashe 'ya'yanmu.