Yatsun Makaɗi

Daren Babbar Sallah, a ƙofar fadar Sarkin Zamfaran Anka, haske ɗaya ne tak: ƙwan lantarkin da janareta ke riƙe da ransa. A ƙarƙashinsa wani dattijo ya rataya kotso, 'yan amshi sun yi sahu a bayansa.

Da filasha na fara. Dattijon ya runtse ido, baitin ya kuɓuce masa. Ya waiwayo ya ce, "Ɗana, kashe wagga walƙiya." Na ce, "A gafarce ni, Baba," kunya kamar in nutse.

Sai na buɗe idon kyamarar iyakar buɗewa, na jinkirta ƙiftawarsa, na jingina da bango, na riƙe numfashi. Amma da yatsu ake kaɗa kotso, yatsu kuwa ba sa jiran mai hoto. Fuska ta fito rangaɗau, har gumin goshi; hannun dama ya zama hayaƙi. Na so in goge hoton, don a jami'a da an ce na faɗi.

Abin da ya hana ni, Narambaɗa. Da kunne kaɗai na san shi. Ban taɓa ganin yadda hannunsa ke sauka kan fata ba.

Yanzu fargabar 'yan bindiga ta rage zaman dare a ƙasarmu, dattijon kuma ya riga mu gidan gaskiya. Da ɗansa ya zo neman hoto, na baje masa goma. Ya tsallake masu kyan, ya ɗora yatsa kan hayaƙin nan, ya ce, "Wanga shi na Baba."