Shekara Biyu A Garin Da Aka Ce Kada A Je

 Da yawa daga cikinku kun yi ta aiko da wasiƙu kuna cigiyata, wai ina na shige ne aka daina ganin sabon littafina a kasuwa, har wata ƙanwata daga makarantar kwana ta ce ko aure ne ya ɓoye ni. To ƙanwata kin canka, aure ne, kuma can wata uwa duniya ya kai ni, wato ƙasar Meziko, wadda ke manne da Amurka ta kudancinta. Yau dai ku gyara zama ku sha labari.

An ɗaura mana aure da ɗan wan mahaifina a farkon 2022. Yaya nake ce masa tun ina ƙarama, auren ma bai sa na canza ba. Shi mutumin gona ne, ya tashi cikin noman tumatir na wajen Kadawa, sai Allah Ya ba shi gurbin ƙaro karatu a kan noman rani a wani gari mai suna Kuliyakan, babban birnin jihar Sinalowa. Ni kuwa murna kamar na zuba ruwa a ƙasa na sha, zan hau jirgi, zan samo labarin da zan rubuta.

Ana saura sati biyu mu tashi sai ga ƙanina ya shigo ɗakin Umma da waya a hannu, fuskar nan tasa babu annuri. Ashe ya binciko takardar gargaɗin da gwamnatin Amurka take fitar wa 'yan ƙasarta masu tafiye-tafiye. Tun 2018 suka raba ta hawa huɗu: na ɗaya a tafi da kula irin ta kullum, na biyu a ƙara kula, na uku a sake tunani, na huɗu kuwa kada a je sam. To Sinalowa a hawa na huɗu take, saboda nan ce mahaifar ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin masu safarar miyagun ƙwayoyi na duniya, irin su hodar iblis da wata muguwar ƙwaya da ake kira fentanil. Umma ta dafe ƙirji ta ce, "Wallahi ba inda za ki, ni ban haifi 'yar da zan kai mahallaka ba."

Da Yaya ya zo da daddare bai yi musu da ita ba, sai ya karɓi wayar ya buɗo shafin Nijeriya ya ce, "Umma, bari na karanta miki wannan ma." Ai kuwa sai ga Kano a jerin jihohin da aka ce kada a je, ita da Kaduna da Katsina da Zamfara da Bauchi da Gombe, wai saboda satar mutane. Umma ta yi shiru, can ta ce, "Kanon da na je Kantin Kwari yau na dawo lafiya?" Duk muka kwashe da dariya. Tun daga ranar na yanke wa takardar nan hukunci a raina, na ce ƙaryar Turawa ce kawai. Wannan shi ne kuskurena na farko, ku riƙe shi, za mu dawo kansa.

Muka tashi daga Abuja ta Santambul, muka sauka birnin Meziko, daga nan muka ƙara wajen awa biyu a wani jirgin zuwa Kuliyakan. Ni da na zaci zan tarar da kango da gawarwaki a titi, sai na tarar da gari na kusan mutum miliyan ɗaya, da kantuna da makarantu da 'yan mata ana ta kwalliya. Koguna biyu ne, Humaya da Tamazula, suka haɗu a tsakiyar garin suka zama ɗaya, an yi wa bakinsu wurin shaƙatawa inda iyalai ke fita shan iska da yamma. Zafi kuwa kamar Kano a watan Afrilu, ga gumi a kai. Kana fita bayan gari gonakin tumatir da barkono da masara ne iya ganinka, har ƙungiyar wasansu ma sunan masu tumatir ta ci.

Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne zoɓo. Ranar da muka fara shiga kasuwa na ga wani jan abu a tulun gilashi, na kurɓa, wallahi zoɓo ne sak, sai dai babu citta babu kanumfari. Su hamaika suke ce masa, kuma Yaya ya ce da yawa daga cikin wanda suke sha daga ƙasarmu ake kai musu, daga irin su Jigawa da Kano. Ga ruwan tsamiya, ga wainar masara da suke kira totiya wadda ba a cin abinci sai da ita. Na ce ashe gida na zo.

Gidan da muka kama haya yana jikin na wata dattijuwa mai kimanin shekara sittin, wadda na raɗa wa suna Inna, ita kuma tana ce min 'yata da yarensu na Sifaniyanci. Da bebance muka fara, da hannu da ido, kafin wata uku na fara tsintar yaren. Inna ce ta zama makarantata. Ranar da Yaya ya ce zai sayi wata ƙatuwar mota a-kori-kura mai baƙin gilashi saboda shiga gona, sai ta riƙe masa hannu ta ce, "Ɗana, kada ka soma. Irinta yaran nan suke ƙwacewa, kuma irinta abokan gabarsu suke harbi. Nemi tsohuwa ƙarama wadda ba mai kallonta sau biyu." Ya ɗan ji haushi, amma ya bi maganarta, ya sayi wata 'yar ƙurƙura mai tari kafin ta tashi.

Haka ta dinga ɗora ni a hanya. In kin ga tsadaddiyar mota babu lamba, kada ki yi mata hon, kada ki ƙura mata ido. Kada ki ɗauki hoton gidan da ba ki san mai shi ba. Kada ki ambaci sunan manyan nan a tasi ko a kanti, ba ki san ɗan wa ke kusa da ke ba. Samarin da kike gani zaune a kan babur a bakin layi da 'yar rediyo a hannu, 'yan leƙen asirinsu ne, ki wuce kamar ba ki gan su ba. In za ku Mazatlan bakin teku, ku bi titin da ake biyan kuɗi, kuma da rana tsaka. Sannan kullum ki ajiye shinkafa da wake da ruwan sha na kwana uku. Ni kuwa ina jin ta ne kawai, a raina ina cewa tsufa ne da tsoro.

Ranar Alhamis 5 ga Janairu 2023, ina da ciki wata huɗu, Yaya ya fita bayan asuba zuwa gonar da suke gwaji. Ban daɗe da komawa barci ba sai na ji ana dukan ƙofa kamar za a ɓalla. Inna ce, ko takalmi babu. Ta ce, "Ina mijinki?" Na ce ya fita. Sai ta ɗora hannu a ka. Nan take gabana ya yanke ya faɗi.

Ashe da asubar nan sojoji sun kama Ovidio Guzman a wani ƙauye da ke arewa da gari. Shi ɗa ne ga Joaquin Guzman da ake wa laƙabi da El Chapo, wato gajere, wanda Amurka ta yanke wa ɗaurin rai da rai a 2019. An taɓa kama yaron a cikin Kuliyakan ranar 17 ga Oktoba 2019, mutanensa suka mamaye gari da bindigogi har sai da gwamnati ta sake shi a ranar. To wannan karon ma abin da suka so yi ke nan. Suka dinga ƙwace manyan motoci suna gicciye su a hanyoyin shiga gari suna cinna musu wuta. Gwamna ya ce kowa ya zauna a gida, aka rufe makarantu da filin jirgi, har wani jirgin fasinja sai da harsashi ya same shi yana shirin tashi.

Na kira wayar Yaya ta fi sau talatin, tana shiga ba a ɗauka. Inna ta ja ni ɗakinta na tsakiya wanda ba shi da taga, ta shimfiɗa mana katifa a ƙasa. Muna jin ƙarar harbi daga nesa kamar ana suyar gugguru, ga ƙaurin taya ya cika gari. Ita tana jan carbinta irin na addininsu, ni ina jan nawa. Kano ta riga mu da awa takwas, don haka la'asar ta yi a gida lokacin da Umma ta kira, ta ji a rediyo. Na danne kukana na ce, "Lafiya ƙalau muke Umma, ga shi nan yana barci." Allah Ya yafe min wannan ƙarya.

Sai wajen azahar ya kira da wata baƙuwar lamba. Ya ce a hanya ya ci karo da samari ɗauke da bindigogi sun tare titi. A gabansa suka sauke direban wata tirela da mai wata sabuwar a-kori-kura, suka tafi da motocin. Da suka zo kansa, ɗaya ya leƙa 'yar ƙurƙurar nan ya yi tsaki, ya karɓe wayarsa, ya yi masa nuni da bakin bindiga ya juya. Bai iya komowa gari ba, sai ya faɗa wani sansanin leburorin gona, talakawa 'yan ci-rani daga kudancin ƙasar, su suka ɓoye shi suka ba shi totiya da wake, a can ya kwana. Washegari ministan tsaro ya ce sojoji 10 da 'yan bindiga 19 ne suka mutu. Da Yaya ya shigo gida, kafin ya zo wurina sai da ya durƙusa ya gaida Inna.

Bayan kwana biyu gari ya koma kamar ba a yi ba, aka buɗe kasuwa, yara suka koma makaranta. Ni ce dai ban koma yadda nake ba. Na tambayi Inna yadda aka yi ta san duk waɗannan abubuwa, sai ta shiga ɗaki ta fito da hoton wani saurayi. Ɗanta ne, ya fita sayen kayan gyaran mota shekaru biyar da suka wuce, har yau bai dawo ba. Ashe fitar da nake gani tana yi da sassafe da shebur da malafa, ba gona take zuwa ba. Ita da wasu iyaye mata ne suke bin dazuka da bakin kogi, suna soka dogon ƙarfe a ƙasa su zaro su sansana, ko za su ji warin gawa. A watan Mayun 2022 adadin mutanen da gwamnatin Meziko ta rubuta sun ɓace ya haura 100,000. Allah Sarki! A ranar na gane wannan wuta 'ya'yan masu gari ta fi ci, mu baƙi hayaƙinta kawai muke shaƙa.

Na haifi 'yata a tsakiyar 2023, muka yi shekara guda cikin rufin asiri. Sai a ranar 25 ga Yuli 2024 aka wayi gari da labarin Amurka ta kama Ismael Zambada, wanda ake kira El Mayo, tsohon abokin El Chapo. Shi ya ce ɗaya daga cikin 'ya'yan abokin nasa ne ya yaudare shi aka sa shi a jirgi da ƙarfi. Daga 9 ga Satumba gidajen biyu suka far wa juna a cikin gari. Wannan karon ba abin kwana ɗaya ba ne. Aka soke bikin samun 'yancin kai na daren 15 ga Satumba, makarantu suka yi ta rufewa, kantuna na kullewa tun kafin magariba, bakin kogin nan ya zama wayam.

Saura wata uku Yaya ya gama, ni kuma na kafe ba zan tafi na bar shi ba. Inna ce ta zaunar da ni ta ce, "'Yata, duk dabarun da na koya miki na lokacin da garin ke da mai shi ne. Yanzu ni kaina ban san wace hanya ce mai kyau ba. Ɗauki jikata ki tafi." Ranar da ta raka ni filin jirgi, da rana tsaka, mun yi kuka har mutane na kallonmu. Yaya ya biyo ni a Disamba da takardarsa, lafiya lau.

To 'yan uwa, mu koma kan takardar nan da na yi wa dariya a ɗakin Umma. Ba ƙarya ta yi ba, domin abin da ta faɗa na gan shi da idona. Amma daga nesa aka rubuta ta, kuma don baƙo mai zuwa yawon sati ɗaya, shi ya sa take shafa wa jiha guda fenti ɗaya. Ba ta san wane layi ba, ba ta san wace awa ba, ba ta san wace mota ba. Wannan sai mai ɗaki, shi ya san inda yake masa yoyo. Kanon ma ai haka ne, mun san unguwar da ba a bi da dare, mun kuma san shekarun da hanyar Kaduna zuwa Abuja ta gagari mutane, amma da baƙo ya faɗa sai muka ji haushi.

Don haka ke ƙanwata da kike mafarkin auren mai zama a ƙasar waje, ba zan ce kada ki je ba, ni ma na je na ƙaru. Amma kafin a sa rana ki tambayi sunan garin, ba sunan ƙasar kaɗai ba, domin a Meziko ɗin nan akwai jihar Yukatan da takardar ta sa a hawa na ɗaya a shekarar da muka je. Ki karanta gargaɗin, kada ki raina shi. In kin isa ki koyi yaren, ki riƙe fasfonki da kuɗin jirgin komowa a inda hannunki zai kai, ki haddace lambar mutum biyu a ka saboda ranar da za a karɓe waya. Sannan ki nemi Innarki a layinku, ki gaishe ta, ki kai mata abinci, ki saurare ta ko da kin ga kamar tsoro ne ya yi mata yawa. Ranar da ta ce ki tashi kuwa, ki tashi.

Har yanzu muna gaisawa da Inna ta waya, 'yata na yi mata gwaranci. Ba ta ga ɗanta ba tukuna, kuma ba ta ajiye shebur ba. Ku taya ni yi mata fatan Allah Ya bayyana mata shi. Sabon littafina kuma yana hanya in Allah Ya yarda. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, taku har kullum.